Wa Ya Taɓa Injin Nan Kafin Ni? Shekara Ɗari na Kanikanci a N'Djamena

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gareji a garin nan, ko a Diguel, ko a Farcha, ko a bayan kasuwar Dembe, ya san irin shirun da kan sauka idan aka jawo mota daga arewa da igiya. Mai ita yana gefe, rawani ya yi ja da ƙura, yana ta zuba bayani. Tsohon bakanike ba ya katse shi, amma hankalinsa yana wani wuri. Sai ya sa a tayar da ita. Ya ɗauki dogon sukudireba, ya kafa tsininsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya runtse ido. Can ya ɗaga hannu a kashe. Tambayarsa ta farko kusan kullum ɗaya ce: "Alhaji, wa ya taɓa injin nan kafin ni?"

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin sana'ar a ƙasar Chadi. Injin da ya fito sabo daga masana'anta yana da littafi, kuma littafin ya faɗi awon kowane ƙarfe da ke cikinsa. Injin da ya yi shekara biyar a N'Djamena kuwa ya daɗe da rabuwa da littafinsa. An cire masa wani abu, an ƙara masa wani, an rage kaurin wani, an aro masa wani daga motar da ba danginsa ba. Wanda zai gano ciwon irin wannan inji sai ya fara da tarihinsa. Kuma tarihin injinan garin nan, idan aka bi shi a tsanake, yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin garin.

A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lamy suka mutu rana ɗaya. Bayan mako biyar Émile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓar kogin Shari ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973. Wurin ya dace da soja, amma ya yi wa ƙarfe nisa. Tsakaninsa da tashar ruwa ta Douala akwai sama da kilomita 1,700. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Nguru a 1930, ya iso Maiduguri a 1964, ya iso Ngaoundere a 1974, amma har yau bai taka ƙasar Chadi ba. Saboda haka tun ranar farko, duk ƙusar da ta karye a nan, ko dai a jira ta wata da watanni, ko a ƙera madadinta.

Ko motocin da suka tsallako sahara suka iso garin a ƙarshen Disamba 1924, waɗanda aka sauya wa halitta ne. Kamfanin Citroën ya tura motoci takwas daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a ranar 28 ga Oktoba, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. An cire musu tayoyin baya an sa ɗamarar roba mai kama da ta tankar yaƙi, ƙirar wani injiniya mai suna Kégresse, an kuma ƙara wa lagireto girma don ya jure zafi. Injin da ke jan duk wannan nauyi, har da tirela a baya, silinda huɗu ne da bai cika lita ɗaya da rabi ba, mai ƙarfin doki 20. Sun ratsa ƙasar Hausa ta Tasawa da Damagaram, suka zagayo tafkin Chadi. Littattafai sun riƙe sunayen shugabannin tafiyar da na mai zanen hotunansu, amma rabin tawagar kanikawa ne ƙarƙashin Maurice Penaud, kuma su ne ba sa barci idan an ya da zango.

Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wani darasi. A ranar 26 ga Agusta 1940 Gwamna Félix Éboué ya bi bayan de Gaulle, Fort-Lamy ta zama cibiyar yaƙi. Da manyan motocin da aka tsinto nan da can Leclerc ya tasar wa Kufra ta Libiya, wadda ta faɗa hannunsa a ranar 1 ga Maris 1941. A daidai lokacin ne 'yan sintirin sahara na Ingila, waɗanda Ralph Bagnold ya kafa, suka haɗu da sojan Faransa a Tibesti. Motocinsu na ɗauke da wata dabara da Bagnold ya ƙirƙiro tun yana yawon hamadar Masar: a ja bututu daga bakin lagireto zuwa cikin gwangwani mai ruwa rabi. Idan inji ya tafasa, tururi ya shiga gwangwani ya koma ruwa. Idan ya huce, ya tsotse ruwansa ya mayar. 'Yar gorar roba da ke gefen lagireton motarka a yau, mai karatu, aikin wancan gwangwani take yi.

Bayan yaƙi ne mota ta shiga rayuwarmu sosai. Da yawa daga kakanninmu ba da niyyar zama suka zo garin nan ba. Hanyar Makka ce ta ajiye su: daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Dikwa, a haye ruwa a Kusuri, a nufi Abeshe da Adre, a shiga Darfur har a kai ga jirgin ƙasa a El Obeid. Wani guzuri ya ƙare masa, ya tsaya neman na gaba, ya yi aure, ya haihu, ya binne iyayensa a nan. Hanyar da aka sha bi da ƙafa da jaki sai gingimari ta gaje ta, tana kai alhazai da goro gabas, tana komowa da fata da busasshen kifi. Kanikanci a garin nan bai taɓa zama na ƙabila ɗaya ba; akwai Sara, akwai Larabawa, akwai Barebari da Kanembu da Gorane da mu. Amma hanyar da kayan gyara suka daɗe suna bi, daga Ƙofar Ruwa ta Kano zuwa Maiduguri, zuwa Gamboru da Fotokol da Kusuri, hanyarmu ce, kuma Hausa ake ji a tashoshinta. Shi ya sa yaron gareji a nan yakan tashi da suna biyu na abu ɗaya: abin da maigidansa ke kira buji, dillalin Kano fulogi yake ce masa, gazuwal ɗin nan kuma can gas ne. Wanda ya iya bakin biyu shi ake aika sayayya.

Motar da ta fi kowace koyar da mutanen nan cikin inji ita ce Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. Ƙirar 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo a 1968, kuma daga 1975 aka fara harhaɗa su a Kaduna, abin da ya sa kayanta suka cika kasuwannin arewacin Najeriya. Sirrin injinta na fetur shi ne ramin da fistin ke kai-komo a ciki ba a jikin gangar injin aka huda shi ba. Bututu ne daban da ake zurawa, wanda Faransawa suka kira riga. Idan ya cinye, sai a zare shi a zura sabo tare da fistin da zobbansa, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ba tare da an nemi injin huda ƙarfe ba. Inji ɗaya sai ya mutu ya tashi sau uku, sau huɗu. Daga nan sauye-sauye suka yawaita: a ƙara wa akori-kura ganyen sifirin don ta ɗauki lodin da ya ninka nata, a cire injin fetur a dasa na dizal, a ɗauko kafireton wata mota a liƙa. Kowane sauyi yana da dalilinsa na gaskiya, kuma kowanne yana barin bashi a cikin inji wanda wata rana za a biya.

Abokan gabar inji a ƙasar nan uku ne, kuma na farko ya girmi mota da dubban shekaru. Arewa maso gabas da tafkin Chadi, kafin a kai Faya, akwai kwarin Bodele, inda masana suka ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Dā can ƙasan wani makeken tafki ne. Farar ƙasar da ke wurin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, kuma ɓawon nan dangin gilashi ne. Iskar hunturu ke kwasar ta, ta rufe mana rana, wani kason ma ya haye teku har dajin Amazon. Inji kuwa iska yake sha fiye da mai, ninki dubbai idan aka auna da mudu. Matatar iska ta huje, ko a busa ta da iska mai ƙarfi har takardarta ta yage, ko direba ya cire ta don wai motar ta shaƙe, to garin gilashin nan ya samu ƙofa. Ya gauraya da baƙin mai ya zama abin wasa wuƙa, yana cin zobba da bangon silinda a hankali, ba ƙara, ba hayaniya.

Na biyu zafi ne. A watan Afrilu ma'auni yakan wuce 40 a inuwa. Maganin da aka gada daga gareji zuwa gareji shi ne cire tamostat, ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. A ganina babu al'adar da ta kashe injina a yankin nan kamar wannan. A injina da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. In an cire shi, wani kason ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanya bai ga lagireto ba. Da asubar hunturu injin ya yi ta aiki a sanyaye yana cin kansa, da azahar ɗin bazara kuma bayansa ya yi ta dahuwa allura ba ta nuna ba. Kan injin Peugeot na alminiyam ne a bisa gangar baƙin ƙarfe. In zafi ya yi yawa sai ya bauɗe, gaskit ya ƙone.

Na uku mai ne. Ƙasar nan ta fara fitar da ɗanyen mai daga Doba a 2003, amma sai a watan Yuni 2011 aka buɗe matatar Djarmaya. Kafin nan kowane ɗigo daga Najeriya ko Kamaru yake zuwa, da yawansa a jarka, a sayar a kwalba a bakin titi, kuma ba kowace kwalba ce ta tsira daga kananzir ko ruwa ba. Fetur mai gauraye ba ya jiran tartsatsin fulogi ya gama aikinsa. Fashewa yake yi kafin lokaci, ya riƙa dukan kan fistin kamar guduma. Dizal mai kananzir kuma ba shi da santsi, sai ya cinye cikin famfon da ke harba shi.

To, yaya bakanike ke rarrabe wanne ne ya yi ɓarna, alhali ƙarfe ya rufe komai?

Da kunne yake farawa. Ƙaramar ƙara mai kaifi daga sama, kamar ana ƙwanƙwasa cokali, wadda saurinta rabin saurin inji ne, ta bawul ce, domin sandar da ke buɗe bawul zagaye ɗaya take yi a duk zagaye biyu na kiranshaf. Wannan mai sauƙi ce. Ƙara mai kama da ta tukunyar da ta tsage, wadda ake ji da sanyin safiya ta ɓace in inji ya ɗumama, fistin ne ya yi wa raminsa kaɗan yana lilo. Zafi ya kumbura shi ya yi shiru. Wadda ake tsoro ita ce bugu mai nauyi daga ƙasa, mai ƙaruwa in an taka totur, wanda ya fi fitowa in mai ya yi zafi ya tsinke. Wannan metal ne, wato 'yar ɓawon ƙarfe mai laushi da ke tsakanin kiranshaf da sandar fistin. Ratar da ke wurin ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma baƙin mai ne kaɗai ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Don a san wace silinda ce, sai a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, ko a sassauta bututun nozul in injin dizal ne. Silindar da aka kashe bugun ya lafa, ita ce mai ciwon.

Sai ido da hanci. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ya shiga inda wuta take. A buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, a tayar: in kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, numfashin silinda ne ke ɓullowa ta cikin ruwa. A zaro sandar awon mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa da mai sun haɗu. A buɗe murfin zuba mai inji na aiki: in yana huci kamar zugazugin maƙeri, zobba sun saki. Tsofaffi sukan murza ɗigon mai tsakanin yatsu a rana. Ƙyalli mai ruwan jan ƙarfe na nufin metal ya cinye har ya kai gadonsa. Wanda ke da ma'aunin matsi yakan gwada kowace silinda, sannan ya zuba cokali ɗaya na mai a wadda ta yi rauni ya sake gwadawa. In ta farfaɗo, zobba ne, don man ya toshe ratar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu.

Duk wannan yana cikin littattafan koyon sana'a a ko'ina a duniya. Inda namu kanikawan suka sha bamban shi ne sanin cewa injin da aka taɓa yana ƙarya. Mai sayarwa ya zuba masa mai mai kauri kamar zuma don bugu ya kwanta. Wani ya cire wayar fitilar gargaɗin mai saboda ta dame shi da ƙyaftawa. An goge kan inji sau biyu don a daidaita bauɗewarsa, ɗakin wuta ya ƙanƙance, matsi ya haura abin da littafi ya sani, sai injin ya riƙa ƙara ko da mai mai kyau, a yi ta zargin mai sayar da fetur. An faɗaɗa silinda an mayar da tsohon fistin. Saboda haka ba a yanke hukunci sai an sauke inji an buɗe, kuma a nan ne aikin ya koma karatu.

A bayan kowane metal akwai hatimi. In an ga alamar asali, ba a taɓa rage kiranshaf ba. In an ga 0.25, an rage shi sau ɗaya, 0.50, an sake. Haka har 0.75 da 1.00 a injinan da ke da wannan rangwame. Dillalan Kano da awon inci suke kiransu, 010 da 020, abin da ya sha rikita yaran da aka aika da awon milimita. A kan fistin ma akwai irin wannan lamba. Sauran labarin tabo ne ke ba da shi. Zane-zane a tsaye a bangon silinda, da zobba da suka dushe suka yi toka-toka, aikin ƙurar Bodele ne. Fistin da ya goge a kusurwa huɗu ya taɓa kumbura ya kama saboda zafi. Gefen kansa ya yi ƙuraje kamar ɓera ya gaigaya, ko dandamalin zobe ya karye, fetur mai gauraye ne. Fistin ɗaya ya fito fes alhali 'yan uwansa sun yi baƙi, ruwa ne ke ɗiga masa, tururi ya wanke shi. Metal ya yi shuɗi ya juya a mazauninsa, yunwar mai ce. Sandar fistin ta lanƙwashe, motar ta sha ruwa ta hanci, domin ruwa ba ya matsuwa. Bayan ambaliyar 2022 da ta 2024 babu garejin da bai ga irin wannan ba. Yaron da ya shekara biyu yana wanke ƙarafa a kwano yana ganin wahala kawai ake ba shi, alhali a kwanon nan yake koyon baƙaƙen wannan rubutu.

Shekarar 1987 ce ta sa duniya ta san motar Chadi. Faransa ta ba rundunar Hissène Habré akori-kura ƙirar Toyota kimanin 400, aka kafa musu makamin MILAN mai fasa tanka da manyan bindigogi, aka loda gangunan mai da ruwa da mayaƙa. A ranar 2 ga Janairu, ƙarƙashin Hassan Djamous, suka afka wa sansanin Libiya a Fada suka tarwatsa tankoki masu yawa. Wadi Dum ta faɗi a ranar 22 ga Maris, a ranar 5 ga Satumba kuma suka kutsa har Maaten al-Sarra a cikin Libiya kanta. Har yau ana kiran wannan yaƙi da sunan motar. Mu dubi abin ta fuskar inji. Babu azabar da ta kai gudu a yashi mai laushi da lodi: totur a ƙasa, giya ƙarama, wuta a ƙure, iskar da ke ratsa lagireto kuwa kaɗan. Motocin da suka yi wannan tafiya ta ɗaruruwan kilomita suka dawo, wasu hannaye ne suka riƙa kwance su da dare a kan tabarma, suna tare ƙura da bargo, suna cire na matacciya su sa wa mai rai. Filin jirgin saman garin nan yana ɗauke da sunan Djamous, kuma ya cancanta. Masu sufana ba a rubuta nasu a ko'ina ba. Irin motocin nan ne suka shigo da Idriss Déby garin a Disamba 1990, su ne kuma suka kawo 'yan tawaye har ƙofar fadarsa a Fabrairu 2008.

A 1990 Toyota ta fito da injin dizal mai suna 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba kwamfuta, ba turbo. Jaki ne: ba ya sauri, ba ya gajiya. Amma ɗan Adam ba ya barin jaki ya yi tafiyarsa. A jikin famfonsa akwai wani ɗan sukuru da masana'anta ta ɗaure da waya ta buga wa hatimi. A tsinke wayar, a murɗa shi kaɗan, mai ya ƙaru, mota ta yi ƙarfi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, direba ya yi murna. Abin da ba ya gani shi ne zafin da ke kan fistin, wanda alminiyam ne, kuma alminiyam yakan yi laushi tun kafin ya narke. Wasu sukan wuce nan su ɗaura masa turbo, al'adar da ta yi ƙarfi a Ostareliya. Injin nan yana matse iska kusan ninki 22. Ɗan uwansa 1HD-T, wanda aka haifa da turbo, nasa matsin bai kai 19 ba, kuma fistin ɗinsa da ɗakin wutarsa ƙira daban ne. Wanda ya cusa wa 1HZ ƙarin iska da ƙarin mai ba tare da awo ba zai ji daɗinsa wata shida ko shekara, sannan wata rana a tsakiyar yashi fistin ya tsage daga gefe zuwa gefe, hayaƙi ya riƙa fita ta murfin mai.

Tun da aka gano zinariya a Tibesti a 2013, aka yi rububin Kouri Bougoudi, sannan na Batha a 2016, motocin da ke tafiya arewa suka ƙaru, lodinsu ya ƙaru, hannayen da ke taɓa famfo ma suka ƙaru. A cikin gari, injin da ya buga asarar kuɗi ne. A can kuwa lissafin daban yake. A watan Disamba 2022 hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar gano gawarwakin mutum 27 a hamadar Chadi, huɗu daga ciki yara. Sun tashi daga Moussoro a akori-kura wata 17 kafin nan. Abin da aka fi zato shi ne motar ta ɓace hanya, ta lalace, ƙishirwa ta gama da su.

Shi ya sa gyaran gaskiya ba ya karɓar gaggawa. A wanke gangar inji har cikin ƙananan hanyoyin mai, domin garin ƙarfen tsohon metal yana laɓe a can yana jiran sabo. A auna kiranshaf a wurare da yawa, don yakan cinye ya koma kamar ƙwai. In ya wuce iyaka a kai wa masu injin yanka su rage shi zuwa mataki na gaba, a sayo metal daidai da shi. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan inji a ga ko haske na ratsawa. A injin 1HZ ma gaskit kauri uku ne, ana gane su da yanka a gefe, kuma sai an auna yadda fistin ke leƙowa sama kafin a zaɓi ɗaya. Wanda ya karɓi duk wanda mai shago ya miƙo masa caca ya yi. A karkatar da bakunan zobba kada su yi layi ɗaya. Duk murfin metal da aka ɗaure, a juya kiranshaf da hannu a ji ko yana tafiya sumul. A ɗaure kan inji daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sufana mai awo. Kafin duk wannan kuma a kashe sanadin: a mayar da tamostat, a sauya matatar iska, a kai famfo da nozul wurin masu gwaji a mayar da sukurun nan mazauninsa. A nan ake yawan ɓatawa da mai mota, domin yana son sabon inji da tsohon gudu.

Akwai gajerun hanyoyi, kowa ya san su. A goge murfin metal da zarto don ya matse, ko a cusa ɓallin gwangwani a bayansa. A tsakiyar daji, don a kai ga rijiya, wannan hikima ce, kuma ta ceci rayuka. A cikin gari, a kan motar da za a loda wa mutane gobe, cin amana ne. Haka nan kayan jabu, waɗanda kwalinsu ya fi na gaskiya kyau.

Hanyar Kano ta yi rauni tun 2014, lokacin da Boko Haram ta afka wa Gamboru, zirga-zirga tsakanin Maiduguri da Kusuri ta tsaya cik na tsawon lokaci. Kaya suka koma zuwa ta Douala da Dubai da Libiya. Tsofaffin injina na Beljiyam suka yawaita, har sau da yawa sauke inji a dasa wani ya fi arha a kan buɗe shi, ko da yake wanda aka dasa ɗin ma ba a san wa ya taɓa shi a can ba. Sababbin motoci kuma da kwamfuta suke magana, kuma matsin da suke harba dizal da shi ya ninka na 1HZ fiye da sau goma, ba mai sassauta musu bututu da hannu. Na'urar gwaji takan faɗi wace waya ce ta tsinke. Metal da ya fara ci har yanzu sai kunne, kuma masu kunnen suna tsufa, yaransu da yawa sun koma gyaran babur, inda kuɗi ke shigowa kullum.

Kiranshaf da ya kai matakin ƙarshe ba shi da sauran gyara. 'Yan gwangwan ke saye da kilo. Fistin kuwa yana da wata rayuwa a gaba. Masu zubin tukwane suna bi gareji-gareji suna tara su a buhu, su narka su tare da fasassun kawunan inji, su zuba a cikin ƙirar yashi. Tukunyar alminiyam da ake dafa tuwon suna da ita a unguwa, mai yiwuwa wani ɓangarenta ya taɓa zuwa Faya ya dawo.